Saquon Barkley: Tarihin mai ruga da ƙwallo a wasan zari-ruga na Amurka

A ranar 9 ga watan Fabrairun 2025, ranar da ya cika shekara 28 da haihuwa, Saquon Barkley ya ɗauki kofin Super Bowl tare da ƙungiyar Philadelphia Eagles, bayan da suka doke Kansas City Chiefs da maki 40 da 22 a birnin New Orleans.

Watanni 11 kafin nan, ƙungiyar New York Giants wadda ya shafe shekaru shida yana yi wa wasa ta bar shi ya tafi, bisa lissafin cewa mai irin aikinsa bai cancanci maƙudan kuɗi ba idan shekaru suka fara ja kuma jiki ya sha rauni.

Tarihin Barkley ya zama abin misali a muhawarar da aka daɗe ana yi a gasar NFL ta Amurka, kan darajar 'yan wasan da suka fi kowa shan karo a fili, amma kuma suke cikin waɗanda ake biya albashi mafi ƙanƙanta.

Yadda wasan yake

Ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ta sha bamban da ƙwallon ƙafar da aka sani a sauran ƙasashen duniya. Ƙwallon doguwa ce mai siffar ƙwai, kuma akasari da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili. Tsawon filin yadi 100 ne, sannan akwai wani yanki mai yadi 10 a kowane ƙarshe wanda shi ne gidan ci. Yadi ɗaya ya yi daidai da santimita 91.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10. Idan ta yi hakan sai a sake ba ta wasu damar huɗu, idan kuma ta kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Duk wanda ya shiga gidan ci da ƙwallo a hannunsa ya samo wa ƙungiyarsa maki shida, kuma wannan shi ne babban ci a wasan.

Hanya biyu ake bi wajen matsawa gaba. Ko dai jagoran hari ya jefa ƙwallo ta sama wa wani ya cafe, ko kuma ya miƙa ta ga ɗan wasan da ke tsaye a bayansa, shi kuma ya ruga da ita ya kutsa ta tsakiyar masu tsaron baya.

Wannan na biyun shi ne aikin Barkley. Ana auna ƙwazon mai ruga da ƙwallo ne da yawan yadin da ya ci, kuma kusan duk rugawa tana ƙarewa ne da ƙarti sun kayar da shi ƙasa. A wasa ɗaya hakan kan faru sau 20 ko fiye.

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32. Tun daga 2021 kowace ƙungiya tana buga wasanni 17 a kaka, kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale wanda ke ƙarewa da Super Bowl.

Ƙuruciya da jami'a

An haifi Saquon Barkley a ranar 9 ga watan Fabrairun 1997 a unguwar Bronx ta birnin New York. Yana ƙaramin yaro iyayensa suka ƙaura zuwa jihar Pennsylvania, inda ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Coplay, ya kuma yi sakandare a makarantar Whitehall.

Danginsa an san su da dambe. Iran Barkley, wanda ya doke Thomas Hearns a 1988 ya zama zakaran duniya, ɗan uwan kakanninsa ne.

A Amurka babu makarantun renon 'yan wasa mallakar ƙungiyoyi kamar yadda ake da su a ƙwallon ƙafar Turai. Jami'o'i ne ke yin wannan aiki, kuma dokar NFL ta tanadi cewa sai ɗan wasa ya yi shekaru uku da gama sakandare kafin ya shiga gasar.

Da farko Barkley ya yi alkawarin zuwa jami'ar Rutgers, amma daga bisani ya sauya shawara ya zaɓi jami'ar Penn State, wadda filin wasanta ke ɗaukar 'yan kallo sama da 100,000. Ya yi wasa a ƙarƙashin koci James Franklin daga 2015 zuwa 2017.

A shekararsa ta farko ya ci yadi 1,076. A ta biyu ya ci yadi 1,496, kuma jami'ar ta lashe gasar rukunin Big Ten. A wasan Rose Bowl na watan Janairun 2017 ya yi wata rugawa ta yadi 79 har gidan ci, wadda ta sa sunansa ya bazu a ƙasar baki ɗaya, duk da cewa jami'ar Southern California ce ta yi nasara da maki 52 da 49.

Ya bar jami'ar da yadi 3,843 na rugawa, kuma ya zo na huɗu a ƙuri'ar kyautar Heisman ta 2017, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'i.

Zaɓen 2018

A kowace shekara ƙungiyoyin NFL kan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i a zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta fi kowa rashin ƙoƙari a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓa, domin kada ƙarfi ya taru a wuri guda.

A gwajin da ake yi wa 'yan wasa gabanin zaɓen, Barkley mai nauyin kimanin kilo 106 ya gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.40, abin da ba kasafai ake gani ba daga mai irin wannan jiki.

Giants ta ci wasanni uku ne kacal a 2017, don haka ita ce ta biyu a layi. Bayan da Cleveland Browns ta ɗauki Baker Mayfield, sai babban manajan Giants, Dave Gettleman, ya zaɓi Barkley, aka ba shi kwantiragin shekaru huɗu na kimanin dala miliyan 31.

Tun a daren ne aka fara ce-ce-ku-ce. Jagoran harin ƙungiyar, Eli Manning, yana da shekara 37 a lokacin, kuma masu sharhi da dama na ganin kamata ya yi a nemo magajinsa. A cikin waɗanda Giants ta tsallake akwai Josh Allen da Lamar Jackson, waɗanda kowannensu daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan gasar.

To sai dai a fili Barkley bai ba da kunya ba. A kakar 2018 ya ci yadi 1,307 na rugawa, ya kuma cafe ƙwallo sau 91, adadin da babu wani sabon mai ruga da ƙwallo da ya taɓa kaiwa. Jimillar yadin da ya ci ta hanyoyin biyu ta kai 2,028, aka kuma ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasan hari.

Amma duk da haka ƙungiyar ta ci wasanni biyar ne, ta sha kashi a 11. Wannan ya ƙarfafa hujjar masu cewa komai gwanintar mai ruga da ƙwallo, shi kaɗai ba ya iya ɗaga ƙungiyar da ta durƙushe.

Shekarun rauni

A watan Satumban 2019 Barkley ya gurɗe a idon sawu a wasa da Tampa Bay, ya rasa wasanni uku. Ya kammala kakar da yadi 1,003.

Babban bala'in ya zo ne a ranar 20 ga watan Satumban 2020 a birnin Chicago, a wasa na biyu na kaka, lokacin da wata babbar jijiya ta tsinke a gwiwarsa ta dama.

Wannan jijiya ita ce ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri idan mutum ya tsaya farat ɗaya ko ya karkata yana cikin gudu. Idan ta tsinke sai an yi tiyata, kuma jinyar kan ɗauki watanni tara zuwa shekara guda. Ga ɗan wasan da yanka da zille wa abokan hamayya su ne jarinsa, raunin na iya zama ƙarshen sana'a.

Akwai misalai da yawa. Jay Ajayi, wanda aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɗauki kofin Super Bowl da Eagles a watan Fabrairun 2018. Cikin wannan shekarar irin wannan jijiya ta tsinke masa, kuma a 2019 ya buga wasansa na ƙarshe yana da shekara 26.

Haka shi ma Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda ya fi kowa cin yadi a gasar a 1989, kakar wasa shida kawai ya yi da Kansas City Chiefs kafin raunuka su tilasta masa ajiye wasa.

Barkley ya dawo a 2021, amma ba kamar yadda aka san shi ba. Ya sake gurɗewa a idon sawu, ya kuma kammala kakar da yadi 593 a wasanni 13. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka tauraruwarsa ta dushe ke nan.

A 2022, ƙarƙashin sabon koci Brian Daboll, ya farfaɗo ya ci yadi 1,312. Giants ta kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ta doke Minnesota Vikings da maki 31 da 24, kafin Eagles ta fitar da ita da 38 da 7.

Taƙaddamar albashi

A NFL akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashin 'yan wasanta a shekara. Saboda haka duk dalar da aka ba wani, an hana wani ke nan.

Yayin da wasan ya ƙara karkata ga jefa ƙwallo ta sama, sai ƙungiyoyi suka koma zuba kuɗinsu a kan jagororin hari, da masu cafe ƙwallo, da masu kai wa jagoran harin abokan hamayya farmaki.

Bugu da ƙari, yarjejeniyar da aka ƙulla a 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ƙayyade albashin sababbin shiga. Kwantiragin farko na shekaru huɗu ne, kuma idan ɗan wasa a zagayen farko aka zaɓe shi, ƙungiya na da ikon ƙara shekara ta biyar.

Bayan haka kuma akwai wata doka da ta ba ƙungiya damar riƙe ɗan wasa guda na tsawon shekara ɗaya a kan wani ƙayyadadden farashi, ko da kwantiraginsa ya ƙare, ba tare da ya samu damar zuwa wata ƙungiyar ba.

Wannan tsari ya fi cutar da masu ruga da ƙwallo, domin ƙarfinsu yana kaiwa ƙololuwa ne a farkon shekarunsu na ashirin da wani abu. Kafin su samu 'yancin yin ciniki da kansu sun kai shekara 27 ko 28, lokacin da ƙungiyoyi ke kallonsu a matsayin waɗanda suka fara gangara.

Masu ƙungiyoyi na da tasu hujjar. A 2018 Los Angeles Rams ta ba Todd Gurley kwantiragin kusan dala miliyan 60, amma matsalar gwiwa ta sa ta sallame shi a 2020. A ɗaya ɓangaren kuma, Kansas City Chiefs ta ɗauki kofi a watan Fabrairun 2023 da Isiah Pacheco, wanda a zagaye na bakwai aka zaɓe shi, kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba.

Alƙaluma sun nuna yadda darajar ta faɗi. A 2017, lokacin da iyakar albashin ƙungiya take dala miliyan 167, farashin riƙe mai ruga da ƙwallo ya kai kimanin dala miliyan 12. A 2023 iyakar ta haura dala miliyan 224, amma farashin ya sauko zuwa kimanin dala miliyan 10. A wannan shekarar farashin riƙe jagoran hari ya zarce dala miliyan 32.

A watan Maris na 2023 Giants ta ba jagoran harinta, Daniel Jones, kwantiragin shekaru huɗu na dala miliyan 160, ta kuma yi amfani da dokar riƙewa a kan Barkley. Haka aka yi wa Josh Jacobs a Las Vegas da Tony Pollard a Dallas.

A watan Yulin shekarar manyan masu ruga da ƙwallo na gasar suka yi wani taro ta intanet domin tattauna halin da suke ciki, amma babu abin da ya sauya, domin yarjejeniyar ƙwadagon tana nan daram. Barkley ya amince da kwantiragin shekara guda, ya buga wasanni 14, ya ci yadi 962.

Komawa Filadelfiya

Da kwantiragin ya ƙare a watan Maris na 2024, babban manajan Giants na lokacin, Joe Schoen, ya bar Barkley ya gwada kasuwa. Eagles, wadda tsohuwar abokiyar gabar Giants ce kuma suna rukuni ɗaya, ta ɗauke shi a kan dala miliyan 37 da dubu 750 na tsawon shekaru uku.

Wani shirin talabijin na tashar HBO ya naɗi tattaunawar da shugabannin Giants suka yi kan batun. A ciki an ji ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, John Mara, yana cewa barci zai yi masa wuya idan Barkley ya koma Filadelfiya.

Babban bambancin da Barkley ya tarar shi ne na masu share hanya, wato ƙarti biyar da ke sahun gaba waɗanda ke ture masu tsaron baya domin a samu kafar wucewa. Na Eagles, irin su Lane Johnson da Jordan Mailata, suna cikin mafi ƙwarewa a gasar. Haka kuma jagoran hari Jalen Hurts shi ma yana rugawa da ƙwallo, don haka masu tsaron baya ba su da damar tattara hankalinsu a kan mutum ɗaya.

Wasansa na farko an buga shi ne a birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil a watan Satumban 2024, inda ya shiga gidan ci sau uku a karawa da Green Bay Packers.

A watan Oktoba ya koma filin tsohuwar ƙungiyarsa, ya ci yadi 176, Eagles ta yi nasara da 28 da 3. A farkon Nuwamba, a wasa da Jacksonville Jaguars, ya yi tsalle da baya ya tsallake kan wani mai tsaron baya, hoton da ya karaɗe kafofin yaɗa labarai. Makonni uku bayan haka ya ci yadi 255 a wasa ɗaya da Rams, adadin da babu wani ɗan wasan Eagles da ya taɓa kaiwa.

A ranar 29 ga watan Disamba, a wasa da Dallas Cowboys, ya kai yadi 2,005, ya zama mutum na tara a tarihin gasar da ya haura yadi 2,000 a kaka guda.

Saura yadi 101 ya shafe tarihin da Eric Dickerson ya kafa a 1984 na yadi 2,105, kuma saura wasa ɗaya. Amma da yake Eagles ta riga ta samu gurbi a zagaye na gaba, koci Nick Sirianni ya hutar da shi domin gudun rauni. Ita kuwa Giants ta kammala kakar da nasara uku da shan kashi 14.

Hanyar zuwa kofi

A zagayen sili-ɗaya-ƙwale Barkley ya ci yadi 119 a wasa da Packers, sannan ya ci 205 a wasa da Rams ana tsaka da zubar dusar ƙanƙara. A wasan kusa da na ƙarshe da Washington Commanders, taɓa ƙwallonsa ta farko ya ruga yadi 60 har gidan ci, aka tashi 55 da 23.

A Super Bowl Chiefs ta tattara ƙarfinta wajen tare shi, kuma ta yi nasarar hakan, domin yadi 57 kawai ya ci a rugawa 25. Sai dai hakan ya buɗe wa Hurts hanyar jefa ƙwallo, kuma shi ne aka zaɓa gwarzon wasan.

Idan aka haɗa da wasannin zagayen ƙarshe, Barkley ya ci yadi 2,504, ya zarce 2,476 da Terrell Davis ya ci a kakar 1998. An kuma ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan hari na shekara.

A watan Maris na 2025 Eagles ta tsawaita kwantiraginsa da shekaru biyu a kan dala miliyan 41 da dubu 200. Shi ne mai ruga da ƙwallo na farko da albashinsa ya haura dala miliyan 20 a shekara.

Muhawarar ba ta ƙare ba

Kakar 2024 ta sa wasu sun sake tunani, musamman da yake Derrick Henry, wanda shi ma ya sauya ƙungiya zuwa Baltimore Ravens yana da shekara 30, ya ci yadi 1,921 a wannan kakar.

Magoya bayan 'yan wasan na cewa an yi gaggawar yanke hukuncin cewa kowa ma zai iya yin aikin. Masu ɗaya ra'ayin kuma na cewa labarin Barkley ya tabbatar da maganarsu ne: ya shekara shida a New York bai kai ko'ina ba, sai da ya shiga ƙungiyar da ta riga ta ginu sannan ya ɗauki kofi.

Akwai kuma batun nauyin da jiki ke ɗauka. A kakar 2024, har da zagayen ƙarshe, sau 436 aka miƙa wa Barkley ƙwallo ya ruga da ita. A cikin mutum takwas da suka riga shi haura yadi 2,000, babu wanda ya sake maimaita hakan.

Shi ma a kakar 2025 abin da ya ci bai wuce yadi 1,100 da 'yan kai ba, kuma San Francisco 49ers ta fitar da Eagles a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale a watan Janairun 2026.

Yarjejeniyar ƙwadagon da aka sabunta a 2020, wadda ta ci gaba da ƙayyade albashin sababbin shiga da kuma dokar riƙe ɗan wasa, an tsara za ta yi aiki ne har zuwa ƙarshen kakar 2030. Matasan da ke fitowa daga jami'o'i kafin lokacin za su bi ta hanyar da Barkley ya bi: shekaru huɗu ko biyar a kan farashin da aka yanka musu, da fatan gwiwa za ta kai su ranar da za su yi ciniki da bakinsu.